Tiyar Auna Kai: Sharhi a Kan Kalmar Modesty

 

Yau kalma ɗaya tak na ɗauko, kuma ta Ingilishi ce. Da gangan na ce Ingilishi, don a ƙasar nan tamu ta Nijar in ka ce Turanci, wani sai ya ɗauka Faransanci kake nufi. Kalmar ita ce modesty, siffarta kuma modest.

Kun san tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan kalmomin Ingilishi za su riƙa shigo mana gida kai tsaye, ba sai sun yada zango a Faransanci ba kamar da. Baƙon da zai daɗe a zaurenka kuwa, ya kamata ka san asalinsa da halinsa kafin ka shimfiɗa masa tabarma.

Ɗiyar ƙanwata ce ta jawo wannan magana. Tana karatun Ingilishi a Jami'ar Abdu Mumuni, can ƙetaren gadar Kennedy. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta zo gida da takarda, ta kwafo jimloli uku daga wurare uku. Ta farko tana yabon wani malami, ta biyu tana bayanin tattalin arzikin wata ƙasa, ta uku tallar tufafin mata ce. Ko wace jimla da modest a cikinta. Ta ce mini, "Kawu, ni abin da na sani ma'anarta tawali'u. To malami dai ya yi tawali'u, na gane. Amma tattalin arziki fa? Kuma ta yaya riga za ta yi tawali'u?"

Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, don yarinyar ta taɓo inda gizo ke saƙa. Ingilishi ya zuba abubuwa da yawa cikin tukunya guda, mu kuwa Hausawa kowane abu da tukunyarsa.

Bari mu fara da asali. Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, ta biyo ta Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latinanci, harshen Rumawan da. Saiwarta ita ce modus, wato awo, ko gwargwado, ko iyakar da abu bai kamata ya ƙetare ba. Daga wannan saiwa Rumawa suka sami sunan wani ma'auninsu na hatsi, modius. Masu bin diddigin kalmomi suna danganta mudd na Larabci da wannan ma'auni, mu kuma daga Larabci muka karɓi mudu, wanda muke auna zakkar fid da kai da shi duk ƙarshen azumi, mudu huɗu na mudun Annabi a kan kowane mutum. Ashe ke nan baƙuwar kalmar nan tana da dangi a rumbunmu tun tuni. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo a kasuwar Katako, ya ga an cika tiya da hatsi an kai ta inda ya kamata ta kai, ya riga ya ga ainihin ma'anar modesty da idonsa.

Tawali'u kuwa daga wata hanya ya zo. Asalinsa tawadu'u na Larabci, daga aikatau mai ma'anar ajiyewa ko saukewa ƙasa. Harafin nan da almajirai ke kira lodi shi ne bakin Bahaushe ya mayar da shi "l", yadda alƙali da alwala da larura da lamiri suka samu. Ingilishi ma yana da tasa kalmar ta saukar da kai, humility, wadda saiwarta ke komawa ga sunan ƙasar da muke takawa a Latinanci. Ita ce ta fi dacewa da ƙanƙan da kai. Saboda haka akwai ƴar tazara tsakanin tawali'u da modesty, ko da yake sukan ari rigar juna. Ɗaya tana cewa ka sauko, ɗayar tana cewa ka auna. Ku riƙe mini wannan bambanci, don a kansa duk maganata ta yau ta rataya.

Jimlar farko ta yarinyar ba ta da wuya. Malamin da aka ce modest ne, mutum ne da ba ya fahariya, ba ya cika baki da iliminsa, in an yabe shi sai ya ambaci waɗanda suka koya masa. Wannan mun san shi sarai. Mu ne muka ce yabon kai jahilci, mu ne kuma muka ce girman kai rawanin tsiya. Mai fassara ya ce mai tawali'u, ko marar fahariya, ko mai sauƙin kai, duk ya yi daidai.

Jimla ta biyu ce ke kayar da masu fassara. Idan rahoto ya ce an sami modest growth, ba halin kirki yake nufi ba ko kaɗan. Yana nufin an sami ɗan ci gaba, bai taka kara ya karya ba, amma kuma ba a ce babu ba. Haka in an ce gida modest ne, ko albashi, ko kyauta. A nan Hausa tana da kayan aiki masu kyau: ɗan, kaɗan, matsakaici, daidai gwargwado, ba yabo ba fallasa. Akwai ma wadda ta fi su duka taushi, wato rufin asiri. Gida na rufin asiri, sana'a ta rufin asiri. Wanda ya faɗi haka ya gaya maka girman abin, ya kuma gaya maka cewa mai shi bai tozarta ba.

Sai dai a nan nake roƙon abokan aikina na gidajen rediyo su buɗe kunne. Kalmar tana da laushi, kuma abu mai laushi yana da daɗin lulluɓe abin da ba a son a gani. Mu da muka tashi da Faransanci mun saba jin an ce wane ya fito daga famille modeste, alhali abin da ake nufi shi ne iyayensa talakawa ne, wani lokaci ma talauci na ƙin ƙarawa. Ingilishi ma haka yake yi. Rahoton wata hukuma zai ce farashin abinci ya yi ɗan tashi modest, amma wa ke riƙe da tiyar da aka yi awon? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Ƙarin jika biyu a kan buhun shinkafa, a wurin wanda ya rubuta rahoton cikin ofis mai sanyi, ba abin magana ba ne. A wurin mai gadin ofishin kuwa, kuɗin cefanen kwana biyu ne. Don haka in kalmar ta zo maka a labari, kada ka gaggauta cewa "ɗan ƙari". Nemi adadin, ka faɗa wa jama'a shi, su auna da tiyarsu.

Su kansu masu harshen sun daɗe da gane cewa ana iya ɓoye mugun abu a bayan wannan kalma. A 1729 wani marubuci ɗan ƙasar Ayalan, Jonathan Swift, ya fitar da ƴar maƙala mai suna A Modest Proposal. Cikin murya mai sanyi irin ta masu lissafin gwamnati, ya kawo shawarar talakawan ƙasarsa su riƙa sayar da jariransu a matsayin abinci ga masu kuɗi. Zambo yake yi wa masu mulkin da suka mayar da yunwar mutane lissafi, kuma da gangan ya sa kalmar a kan take, don a ga irin ɗanyen aikin da lafazi mai ladabi kan iya ɗauka a bayansa.

Akwai kuma abin da kunnenmu ya saba da shi a wuraren taro a nan Yamai. Mai jawabi zai miƙe ya ce "ma modeste personne", ko ya kira gudummawarsa "modeste contribution". Asalin al'adar mai kyau ne, kuma na san dattawa da suke faɗinta har zuciya. Amma in aka maimaita ta sau biyar cikin jawabi guda, ga maroƙa a bakin ƙofa suna ta kirari, ga jerin motoci sun toshe hanya, to kalmar ta tashi daga aikinta. Ingilishi yana kiran wannan false modesty, tawali'un ƙarya. Mu kuma mun san mai ƙin abinci da baki alhali hannunsa yana cikin akushi.

Yanzu ga jimla ta uku, wadda nake son in daɗe a kanta, ta tufafi.

A Ingilishi modesty tana ɗauke da ma'anar kunya da sutura da kamun kai. Nan ne ɗalibin da ya fara da Faransanci yake tuntuɓe, don Faransancin yau ya fi ajiye wannan ma'ana a wata kalma dabam, pudeur. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, ta 1961, da pudeur take magana in ta zo kan laifin keta mutuncin mutum. Ita kuwa dokar laifuka ta Indiya da Turawan Ingila suka kafa a 1860, modesty ta ce a kan laifin keta mutuncin mace. Dokar Penal Code ta Arewacin Najeriya, wadda ta fara aiki a 1960, jikar waccan ce ta hanyar Sudan. Kun ga lauyan Maraɗi da lauyan Katsina, tafiyar ƴan sa'o'i ce tsakaninsu, laifi guda suke magana a kai, amma kowa da kalmar da mai mulkin mallakarsa ya bar masa.

A ƴan shekarun nan kuma kasuwa ta kama kalmar. Modest fashion ta zama babbar sana'a a duniya, wato ɗinkin ado mai rufe jiki. An yi makon baje kolin irin wannan ɗinki a Santambul a 2016, aka yi a Landan a 2017, a shekarar ce kuma kamfanin Nike ya sanar da hijabinsa na masu wasanni. Ƴan matanmu suna ganin wannan duka a waya, telolinmu na Babbar Kasuwa da Wadata suna kwaikwayo, kuma ban ga laifin haka ba. Abin alheri ne mace ta sami tufafin da ya dace da addininta, ya kuma yi mata kyau. Mu a Yamai mun san nauyin wannan magana tun kafin ta zama kasuwa. Mai zayyana tufafin nan Alphadi ya fara bikin baje kolin ɗinki na FIMA a 1998 a Tigidit, cikin hamadar jihar Agadas. Da aka kawo bikin Yamai a watan Nuwamba na 2000, ƙungiyoyin addini suka fito zanga-zanga, aka yi tarzoma a nan da Maraɗi. Manya daga cikinku ba su manta ba.

Abin da ke damuna shi ne ƙuntatar kalmar. Yaron da ya fara haɗuwa da ita a Facebook ko TikTok zai ɗauka modesty sunan dogon hijabi ne kawai, kuma magana ce ta mata su kaɗai. In wannan fahimta ta zauna, tsoron da nake ji shi ne ta dawo ta ƙuntata mana kunyarmu ma. Kunya a wurin Bahaushe fili ce mai faɗi. Ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Ita ce ke sa magidanci mai furfura ya tuɓe takalmi ya durƙusa in ya hangi surukinsa. Ita ce ke sa mai kuɗi ya ji nauyin cin nama a bakin ƙofa maƙwabcinsa na kallo. Ƴan'uwanmu Zabarmawa suna ce mata haawi, Fulani suna ce mata semteende, kuma babu ɗaya daga cikinmu da ya ce ta mata ce kaɗai. Lokacin da Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya tsara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, ya jera kunya tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da adalci. Halayen kowa da kowa yake lissafawa, namiji da mace.

Ku dubi bukukuwan aurenmu na yanzu. Za ka ga an rufe jiki tun daga kai har tafin ƙafa, ba abin da ya fito, amma kuɗin leshin da ke jikin ya fi albashin malamin firamare na wata uku. Ga anko kala-kala, ga liƙi, ga bashin da za a shekara ana biya. Sutura ta samu, awo kuwa ya ɓace. Mazan ma haka, shaddar da ake gasa da ita ranar Juma'a ba ta rasa nasaba da wannan. Alƙur'ani a surar Furƙan ya yabi bayin da ba sa almubazzaranci in za su kashe dukiya, ba sa kuma ƙwauro, suna tsayawa a tsakani. A surar Luƙman kuma uba ya hori ɗansa, ɗa namiji, da ya daidaita tafiyarsa ya sassauta muryarsa. Duka biyun maganar awo ce.

In ana neman misalin wanda ya haɗa ma'anonin nan a jikinsa, ba sai mun ƙetare teku ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a 1754 a Marata, wurin da yau yake cikin jihar Tawa. Wajen 1788, a wata Babbar Sallah, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu bai karɓa ba. Maimakon zinariyar sai ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, kada kuma a danne talakawa da haraji. Sarki ya amince.

Abu biyu nake gani a labarin nan. Na farko, tawali'u sai mai hali. Wanda ba shi da riga sai ɗaya don ba shi da kuɗin ta biyu, talaka ne, kuma hakkinsa a taimake shi, kada a lallashe shi da sunan wai yana da sauƙin kai. Wanda aka ajiye wa zinariya a gabansa ya kau da kai, shi ne ya auna bukatarsa. Saboda haka wa'azin modesty ya fi cancanta a fara yi wa masu mulki da masu dukiya da masu ilimi, kafin a gangaro kan ƴar talla. Na biyu, Shehu bai yi shiru ba. A gaban sarki, a gaban taron malamai, ya buɗe baki ya jera bukatu biyar. Bai nemi komai don kansa ba sai damar yin aikinsa, amma bai rage ko ɗaya daga abin da ya san gaskiya ne ba. Haka mutanen Kano suke tuna Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983. Gidansa na Gwammaja ba na ƙasaita ba ne, tufafinsa farare marasa ado, amma ba a taɓa saninsa da tauna magana a gaban mai mulki ba.

Wannan ya dawo da ni kan ɗiyar tawa. Bayan mun gama da jimlolinta uku, sai ta fiddo wata takarda, wasiƙar neman aikin fassara na wucin gadi da ta rubuta wa wata ƙungiya. Na karanta, raina ya sosu. Yarinyar da ta shekara uku tana karatun Ingilishi, wadda maƙwabta ke kawo wa takardun magani da na makaranta tana fassara musu, ta rubuta cewa tana ɗan taɓa Ingilishi kaɗan, kuma tana roƙo a yi haƙuri da ƙarancin saninta. Na ce, "Ɗiyata, me ya sa kika rubuta haka?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ai kunya nake ji in yabi kaina."

Na fahimce ta, don haka muka tarbiyyantar da su, kuma ba na nadamar tarbiyyar. Amma wanda zai karanta wasiƙar bai san ta ba, bai san gidansu ba, ba zai ji kawaicin da ke bayan kalmomin ba. Abin da ta rubuta shi zai ɗauka, ya ajiye takardarta gefe, ya ɗauki ta wani da bai kai ta ba amma ya iya cika baki. Yaranmu da yawa, musamman mata, suna asarar guraben karatu da na aiki ta wannan ƙofa, kuma ba wanda ya zalunce su sai kunyar da aka sa a inda ba wurinta ba.

Sai na tuna mata da mai awo na Katako. Na ce in ya tula hatsi ya wuce bakin tiya don a ce masa mai kyauta, alhali ya cusa tsakuwa a ƙasa, ya yi algus. In kuma ya rage, ya tauye mudu, kuma kin san akwai sura guda da ta buɗe da gargaɗin masu tauye awo. To ke ma haja ce a hannunki, iliminki. Kada ki ƙara masa ko ƙwaya, kada kuma ki rage. Wanda zai ɗauke ki aiki yana da hakkin ya san ainihin abin da ke cikin tiyar.

Muka zauna a kan tabarma har aka kira magariba, ta sake rubutawa. Ta faɗi shekarun da ta yi tana karatu. Ta faɗi irin takardun da ta saba fassarawa, daga Ingilishi zuwa Hausa da Faransanci. Ta faɗi cewa tana jin Zabarmanci, tana iya magana da shi, amma ba ta saba rubuta shi ba. Ta kuma faɗi cewa ba ta taɓa yin tafinta a bainar taro ba, tana son ta koya. Da ta karanta mini, ba fahariya ko ɗaya a ciki, ba kuma roƙon gafara. Ta ninke takardar ta sa cikin jaka, ta ce ranar Litinin da safe za ta kai.